Da gaske akwai fatalwa a Hawan Kibo? Amsa ga ƙanena sabon direba

Tambayar da aka turo min daga wani matashi ne da ya fara jan motar haya ƙirar Sharon tsakanin Jos da Abuja wata 4 da suka wuce. Ya ce manyan direbobi a tasha sun cika masa kunne da labarin wata mata mai fararen kaya da take fitowa a Hawan Kibo cikin dare, wai ita ce ke jawo haɗarin da ake yi a wurin, wasu kuma sun ce fatalwar waɗanda suka mutu a gangaren ne suke neman abokan tafiya. Yana tambaya ko gaskiya ne, kuma ya zai yi in ya gan ta, don har mahaifiyarsa ta fara cewa ya bar layin.

To ƙanena sannu da ƙoƙari, Allah ya tsare hanya. Ni shekara 23 na yi a kan babbar mota, daga yaron mota na fara har na kama sitiyari, yanzu kuma aikina koyar da direbobin tirela da tanka da kuma zuwa duba motar kamfanin da nake wa aiki in ta faɗi don a gano me ya faru. Hawan Kibo na hau na sauka ban san adadi ba, da rana da dare, da damina da hunturu. Kuma bari in faɗa maka tun yanzu, matar nan da ake faɗa ni ma na gan ta da idona, shi ya sa ba zan taɓa ce wa waɗancan direbobin maƙaryata ba. Amma ka bi ni a hankali ka ji abin da na gani ɗin.

Ka fara sanin wurin tukuna. Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, Abuja kuwa ba ta kai rabin haka ba, kenan in ka baro Bukuru ka wuce Mararrabar Jama'a ka bi ta Riyom, dole akwai inda ƙasa za ta zube da kai kafin ka kama hanyar Akwanga, to nan ne Hawan Kibo, a gefen da ruwan Assop yake zubowa daga dutse. Gangara ce doguwa mai kwana-kwana, dutse a gefe ɗaya rami a ɗaya gefen, da damina hazo yana sauka a wurin ya kwanta a kan kwalta kamar an shimfiɗa auduga, wani lokacin ma tafiya yake yi guntu-guntu yana tsallaka titi. Duk wanda fitilarsa ta taɓa haska guntun hazo yana tsallaka hanya ƙarfe 3 na dare ya san yadda yake kama da mutum sanye da farin mayafi.

Nawa ganin ya faru ne a shekarata ta shida da fara tuƙi. Na taso daga Legas da kaya, kwana biyu a hanya kuma duk barcin da na yi bai wuce awa 3 ba, goro ne da shayi mai kauri kawai suke riƙe da ni. Muna cikin hawan, mota tana nishi a lamba biyu, sai ga mace a tsakiyar titi, doguwa, fari fat daga sama har ƙasa, ta juyo tana kallona. Na fizge sitiyari zuwa hagu, sai ji na yi yaron motata yana dukan kafaɗata yana ihu oga oga rami! Allah ya kiyaye na dawo da ita. Da muka samu wuri muka tsaya jikina yana rawa na ce masa ka gan ta? Ya ce wa? Na ce matar. Ya ce oga ni ba barci nake ba, titi nake kallo, ba kowa, kai ne kanka ya sunkuya kan sitiyari tun kafin kwanar, idonka a buɗe amma ba ka nan, ina ta kiranka ba ka amsa ba. Wallahi da ni kaɗai ne a motar nan da har yau ina rantsuwa aljana na gani, kuma da na ba da labarin a tashar Akwanga da na Bukuru, da yanzu yana cikin labaran da aka ba ka.

Daga baya da na shiga kwas na koyar da tuƙi na fahimci abin. Akwai wani ɗan guntun barci da yake sace mutum na daƙiƙa 2 zuwa 10 ba tare da ya sani ba, ido yana iya zama a buɗe, kuma a daidai bakin shiga barcin nan ƙwaƙwalwa tana iya fara mafarki alhali rabinka yana farke, sai ka ga mutum ko dabba ko bango a gabanka ƙuru-ƙuru, wani ma ya ji an kira sunansa. Lokacin da jiki ya fi neman barci shi ne daga wajen ƙarfe 2 zuwa 5 na asuba. Yanzu ka koma tasha ka tambayi duk masu labarin matar nan ƙarfe nawa suka gan ta, ka ji ko akwai wanda zai ce maka ƙarfe 10 na safe bayan ya yi barci ya karya kumallo. An yi bincike a Ostareliya aka gano wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba tuƙinsa yana lalacewa kamar na wanda ya sha giya har ta kai iyakar da doka ta hana tuƙi a ƙasashe da yawa. Mu kuwa a nan direba ya yi awa 30 ido biyu yana alfahari. Ga lissafi mai sauƙi, in kana gudun kilomita 100 a awa, duk daƙiƙa ɗaya kana cinye kusan mita 28, barcin daƙiƙa 3 kenan ka yi sama da mita 80 ba direba a motar. A Hawan Kibo mita 80 ya isa kwana ta ƙare kai kana miƙe.

Sai ka ƙara da abin da wasu suke sha don kore barcin, tiramol da gadagi da su ƙwayoyin da ake sayarwa a bakin tasha. Ba sa kore barci, ɓoye shi suke yi, ranar da ya taso gaba ɗaya yake tasowa, kuma su kansu suna sa gane-gane. Haka tsohuwar mota mai fasasshen salansa da hayaƙi yake shigowa ciki an rufe gilas saboda sanyin Jos, hayaƙin nan yana kawo ciwon kai da jiri da nauyin ido, mutum ya ce wai wani abu ya danne shi a daidai wurin.

Amma ba duka ganin ne mafarki ba, wannan ma dole in faɗa. Akwai wata shekara da labari ya cika tashoshi cewa aljanar ta dawo, a ƙasan gangaren take tsayawa yanzu. Wata rana da asuba muna saukowa sai muka gan ta mu duka biyu ni da yaro, a gefen titi. Da yake gari ya fara wayewa kuma ga gidaje kusa sai na rage gudu sosai. Ka san ana cewa in ka duba ƙafar aljana kofato za ka gani, to ƙafar na fara dubawa. Ƙafa ce ta mutum, ba takalmi, duk ta yi faso, ta yafa wani tsohon farin buhu tana riƙe da kwanon roba. Baiwar Allah ce mai taɓin hankali, masu sayar da kaya a bakin hanya sun san ta har suna ba ta abinci. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne direbobi nawa ne suka gan ta suka ƙara wuta saboda tsoro, kuma da wani ya buge ta cewa zai yi aljana ya bi ta kai ba zai tsaya ba. A hanyoyin karkara da dare akwai masu taɓin hankali, akwai makiyaya da shanunsu farare, akwai mata masu fita da sassafe zuwa kasuwa ko ɗiban ruwa, duk ba mai sanye da abin da ke ƙyalli. Sannan akwai miyagu da suka san labarin nan sarai, suna tsayar da mace a bakin hanya ko su jefa wani abu a titi don ka taka birki.

Yanzu mu zo kan abin da yake kashe mutane a gangaren, don nan ne aikina. Mafi yawan manyan motocin da na je dubawa a irin wannan wuri, in direban ya rayu maganarsa kusan ɗaya ce, na taka birki ya ƙi, kamar an riƙe min ƙafa, kamar ana tura motar daga baya. Akwai wanda na samu a asibiti yana kuka yana rantse min cewa wani abu ne ya hau bayan motar. Na je wurin motar, tana kwance a gefenta, buhunan masara sun watse har cikin rami, mutanen gari suna taya kwashewa. Na leƙa kan motar, giya tana firi, wato ba ta cikin kowace lamba. Na duba duram ɗin birki sun koma shuɗi-shuɗi saboda zafi, lainin, wato abin da ke matse duram ɗin ya tsayar da taya, ya ƙone ya yi santsi kamar gilas, har lokacin ƙaurinsa bai bar wurin ba. Na zaga baya, tiyon iskar da ke kai wa birkin bodi an naɗe shi an ɗaure da roba, kenan kan mota kaɗai ke riƙe da duk lodin nan, lodin ma ya wuce ƙa'ida nesa. Direban bai yi ƙarya ba, da gaske an tura shi daga baya, nauyin kayansa ne ya tura shi.

Yadda abin yake, birki ba komai yake yi ba illa mayar da gudu ya zama zafi. A doguwar gangara in ka ɗora ƙafa ka bar ta a kai, zafin yana taruwa fiye da yadda iska za ta kwashe, duram ya buɗe ya yi nesa da lainin, lainin kuma ya daina kamawa, sai ka taka har ƙasa mota tana ƙara gudu. Masu birkin iska kuma in suna ta famfo taka-saki taka-saki da sauri sai iskar ta ragu fiye da yadda kwamfaresa ke mayarwa. Sakin mota a firi don a rage shan gas shi ne babban bala'in, don injin da ya kamata ya riƙe motar an cire hannunsa, kuma in ta ɗau gudu giyar ba za ta ƙara shiga ba ko za ka karya hannunka. Ƙa'idar da muke koyarwa tsohuwa ce, giyar da za ka hau tudu da ita da wannan lodin, da ita za ka sauka ko ma ƙasa da ita, kuma tun a sama za ka sa ta kafin gangara ta fara.

Kar ka ce wannan na manyan motoci ne, Sharon ɗinka ma yana shafarta. Birkinka na mai ne, kuma man birki yana shan danshi a hankali. Sabon man birki irin wanda ake kira DOT 3 sai zafi ya kai wajen digiri 205 yake tafasa, amma wanda ya tsufa ya sha ruwa a wajen 140 ma zai iya tafasa, in ya tafasa kuwa sai feda ta yi laushi ta nutse ƙasa ba komai. Abin da ke ƙara wa labarin aljanu ƙarfi shi ne bayan minti 30 in ya huce birkin yana dawowa garau, sai bakanike ya zo ya taka ya ce ai birki lafiya lau yake, sai kowa ya kalli kowa a ce to lallai ba banza ba. Yaushe rabon da ka canza man birkinka gaba ɗaya, ba ƙari ba? Yawancin masu ƙera motoci shekara 2 suke cewa. Ga ka da fasinja an cusa huɗu-huɗu, but a buɗe an ɗaure buhunan dankali da kabeji da igiya, taya 'yar Kwatano. Ka duba gefen tayarka akwai lamba huɗu, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2318 to sati na 23 a 2018 aka yi ta, kuma jami'an Road Safety shekara 4 suke ƙirga wa taya daga lokacin da aka yi ta kafin su ce wa'adinta ya ƙare.

Da dare kuma akwai abin da mutane ba sa lissafawa. Fitilarka in tana dim abin da take nuna maka bai fi mita 40 zuwa 50 ba, alhali a gudun 100 kafin ka gani ka taka ka tsaya cik kana buƙatar kusan ninki biyun haka. Kenan duk abin da fitila ta nuna maka ka riga ka makara. Shi ya sa kowa yake cewa kawai sai ganin abu na yi ya ɓullo daga ƙasa. Sau tari abin da ya ɓullo ɗin tirela ce da ta lalace a hawa ba fitilar baya ba alama sai ɗan ganye da aka jefa, ko duwatsun da yaran mota suka yi weji da su suka tafi suka bar su a tsakiyar titi. Wannan ɗabi'ar ta barin dutse a titi tana ci min rai matuƙa, na sha ganin ƙaramar mota ta fasa taya ta wuntsila saboda dutse ɗaya da wani ya ji ƙyuyar ɗaukewa. Dokar hanya ta ce motar haya 80 a irin wannan hanyar, tirela da tanka 50, kuma wannan a miƙaƙƙen titi ne ba a gangara da hazo ba.

Ta ɓangaren addini ni ba malami ba ne amma na zauna gaban malamai na tambayi wannan abin musamman saboda ya dame ni. Aljanu gaskiya ne, akwai sura guda da sunansu, ba musulmin da zai musa. Amma maganar wai wanda ya mutu ruhinsa yana dawowa ya tsaya a bakin titi yana jan mutane, wannan ba ta da gindi, ƙarshen Suratul Mu'uminun ya nuna wanda ya mutu ko ya roƙi a dawo da shi ba a dawo da shi, akwai shamaki a bayansu har ranar tashi. Larabawan jahiliyya ma suna da irin labarinmu sak, suna cewa akwai gul da take fitowa matafiya a sahara tana canza kama tana ɓatar da su, kuma a cikin Sahihu Muslim Annabi (SAW) ya ce babu gul, malamai wasu suka ce samuwarta aka kore wasu suka ce ikonta na ɓatar da mutane aka kore. Kuma shi ne ya yi gargaɗi a kan mutum ya yi tafiyar dare shi kaɗai, ya ce in za a yada zango da dare a kauce wa kan hanya. Abokan aikinmu Kiristoci na Filato su ma da addu'arsu suke shiga gangaren, kuma na ji fastoci suna faɗa musu irin wannan maganar, a yi addu'a a kuma gyara mota. Waɗanda suka rasu a wurin nan 'yan uwanmu ne, iyayen wasu ne, addu'a suke buƙata, zafi nake ji in na ji ana mayar da su dodanni.

Abin lura, ba Hawan Kibo kaɗai ba ne. Irin labarin nan na ji shi a kan dajin Falgore, na ji a Kwanar Dangora, na ji a Kwanar Dumawa, wani wurin mace ce, wani wurin tsohuwar tsamiya ce da aka ce ta ƙi saruwa lokacin aikin titi, wani wurin a ce hanya ce take neman jini in ƙarshen shekara ya zo. Har Afirka ta Kudu akwai garin Uniondale da suke da tasu budurwar da ake cewa tana tsayar da motoci tun bayan wani haɗari a 1968. Kuma ni ina ɗaukar labaran nan da muhimmanci, duk inda aka ce min akwai aljanu a hanya ina rubuta wurin, don ban taɓa zuwa na tarar da miƙaƙƙen titi mai kyau ba, kullum sai na samu kwana mai ɓoye gaba ko siririyar gada ko gangara ko mahaɗar da shanu ke tsallakawa. Tsofaffin direbobi da ba su da allon gargaɗi da labarin suke gargaɗin yaransu, kuma ya yi amfani in ya sa ka rage gudu ka yi bismillah. Inda yake cutarwa shi ne in ya sa matashi ya ƙara wuta don ya yi maza ya wuce wurin, ko in mota ta kashe mutum 18 a ce aikin aljanu ne a rufe magana, mai motar da ya hana kuɗin lainin birki ya sha, wanda ya yi obalodi ya sha, wanda ya kamata ya sa shinge da alama mai ƙyalli da hanyar yashi ta tsayar da motar da birkinta ya tsinke shi ma ba mai tambayarsa. Ƙarshen shekara kuma ba jini hanya take nema ba, fasinja ne suke yawa, direba yana yin sawu biyu a rana maimakon ɗaya, ga hazon hunturu.

In ka ga mutum a titi cikin dare, ko waye, kar ka fizge sitiyari, fizgar ita ke kai mota rami. Ka riƙe shi da hannu biyu, ka taka birki a miƙe, ka danna hon, ka sauko da giya. In wurin daji ne ba kowa kar ka tsaya ka fita, ka wuce a hankali zuwa gari na gaba ko shingen jami'an tsaro ka faɗa musu, lambar Road Safety ta gaggawa 122 ce ka ajiye ta a wayarka. In kuma ka tambayi na gaban mota ya ce shi bai ga komai ba, to barci ne ya fara cin ka, ka samu wuri mai mutane ka faka ka kwanta ko minti 20 ne, fasinja su yi ta mita ba komai. Kafin ka shiga gangaren ka gwada birkinka tun a Riyom, ka sauko lamba uku ko biyu, kar ka manne wa bayan tirela kuma kar ka yarda tirela mai lodi ta manne maka a baya, in ka ji ƙaurin lainin ko hon ba ƙaƙƙautawa daga bayanka ka ba ta hanya nan take.

Ita kuma Hajiya tsoronta yana kan hanya, uwa ce. Ka zauna da ita ka yi mata alkawarin abu biyu da za ka iya cikawa, ba za ka ƙara yin lodin dare a layin nan ba, kuma ba za ka tashi mota ba sai ka yi barcin awa 7. Ka kai motar a zuƙe tsohon man birki a zuba sabo satin nan, ka kawo mata rasit ɗin ta gani da idonta. Ka gaishe min da ita, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a mu duka da muke kan hanyar.